Yadda Garuruwan Bakin Kogi Za Su Nemi Aiki a Hukumar Haɗeja-Jama'are

Ruwan ambaliyar da ke cin gonakin Auyo da Guri a Jihar Jigawa tun daga Kano yake tasowa, ta kogunan da madatsun Tiga da Challawa ke kansu, ya biyo ta Wudil da Ringim. Shi ya sa ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya. Mai tsara ruwan yankin baki ɗaya ita ce Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976, hedikwatarta a Kano. Tana da injiniyoyi da masu safiyo waɗanda gari ba zai iya ɗauka da kuɗinsa ba, amma sai an kai mata buƙata a tsare.

Kada gari ya tafi shi kaɗai. Dagatan da ke kan hannun kogi ɗaya, na sama da na ƙasa, su zauna da manoma da masunta da makiyaya a fitar da magana guda. Dalili kuwa, idan gari ɗaya ya ɗaga jinga a gefensa, ruwan ba ɓacewa yake ba, gonakin maƙwabta yake komawa, daga nan sai rigima.

Sannan a je wurin a auna. Mita nawa kachalla, doguwar ciyawar nan da ke cike hanyar ruwa, ta toshe? Ina ruwa ya fasa bara, kuma faɗin ɓarakar nawa ne? A ɗauki hoton shatin da ruwa ya bari a jikin bango, mutum na tsaye kusa don a ga tsayinsa, a ɗauki lambar wurin a taswira (GPS) da wayar hannu, a ƙirga kadada nawa ta nutse. Takardar da ta ce "ambaliya ta dame mu" kawai, injiniya ba shi da abin da zai yi wa lissafi.

A nemi abu ɗaya: yashe hanyar ruwa ko gyaran jinga. Kayan agaji aikin hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ne, kada a cusa su ciki. Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma su sa hannu, a aika kwafi ga ma'aikatar ruwa ta jiha da ɗan majalisar tarayya na mazaɓar, tunda kuɗin hukumar a kasafin tarayya yake. A tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinku.

Lokaci ne ke kayar da yawancin garuruwa. Ana tashi a Agusta ruwa na bakin ƙofa, alhali babban inji ba ya shiga laka. A rubuta da kaka, a riƙa bibiya duk rani, domin aikin kan jira kasafin shekara mai zuwa.

Idan an yi aikin, kulawa ta koma kan gari. Kachalla a yanke ta ƙarƙashin ruwa da aikin gayya, don saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Wadda aka sare a sama tofowa take. Facin jinga kuma da yumɓu ake yi, ana zuba kamar taƙi ɗaya ana daddaɓewa kafin a ƙara wani, domin yashi zalla ruwa ke bi ta cikinsa.