Yadda ake biyan bashin ƙuruciya tun ana da sauran numfashi

A 2004 ina ajin ƙarshe na sakandare a Kano, shekarata 17. Yayata ta sayar da tumakinta biyu ta damƙa min kuɗin jarrabawa a ƙulle cikin leda. Ban kai makaranta ba. Na haɗa da ɗan abin da na tara, na bayar kafin alƙalami na karɓi babur Jincheng, na shiga acaɓa. A gida na ce na zauna jarrabawa ban ci ba. Shekara tara ina kan wannan ƙarya, har watan Janairun 2013 da gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Na je neman aikin direba a wani kamfani a Bompai, aka ce in kawo takardar sakandare. A bakin ƙofar nan na san abin da na yi wa kaina.

In kai ma akwai abin da ke hana ka barci irin wannan, ga hanyar da na bi.

Ka fara da rubuta shi. Ka samu takarda da biro bayan Isha, ka rubuta abin da ka aikata a layi ɗaya, da sunan wanda abin ya taɓa. Kada ka sa kalmar "da" a ciki, irin su da na yi kaza da yanzu ni ne wane. Da na sani ƙeya ce, kuma wannan lissafin ba ya ƙarewa. Nawa layin ga shi: na ci kuɗin Yaya, na yi wa Baba ƙarya, na bar karatu. Da na gan shi a rubuce sai na lura ashe abu uku ne na cure wuri guda nake kira baƙin ciki, kuma kowanne da hanyar gyaransa.

Haƙƙin mutane shi ne gaba, ko da shi ya fi nauyi. Malamai sun koya mana cewa tuba tana son a daina, a yi nadama, a ƙudure ba za a koma ba, in kuma da haƙƙin wani a mayar masa. Wannan na ƙarshen muke tsallakewa. Ka tafi da ƙafarka, ban da waya, ban da ɗan aike. Ka ambaci laifin da sunansa, domin "a yafe min duk abin da na yi" ba ta ɗauke komai. Kada ka jero uzuri, kada kuma ka matsa sai an yafe maka nan take.

Na sami Yaya a tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo. Na tsuguna gefen tabarma na ce, "Yaya, kuɗin tumakin nan, ban biya jarrabawa da su ba. Babur na saya." Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da kaɗa rariya har garin ya ƙare, sannan ta ce, "Auta, ai tun ranar na sani. Jira nake ka faɗa da bakinka." Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ba ta ce ta yafe ba a ranar, sai bayan sati biyu da ta aiko ɗanta da kwanon dambu.

Baba kuwa ya rasu a 2009 yana ɗauka faɗuwa na yi. Wannan ba ni da inda zan kai shi sai wurin Allah. Ina masa addu'a bayan kowace salla, ina sadaka da niyyarsa, duk Juma'a ina leƙa amininsa da ya rage a unguwa in gaishe shi. In wanda ka ci wa dukiya ya rasu, magadansa za ka nema. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya daina hana ni aiki.

Sai karatu, wanda a wurina ya fi sauran sauƙi duk da na fi jin tsoronsa. WAEC da NECO duka suna shirya jarrabawa ta masu zaman kansu, ba sai kana ɗalibin wata makaranta ba, kuma ta NECO wajen Nuwamba da Disamba ake yi. Kafin rajista ka duba NIN ɗinka, sunanka da ranar haihuwa su dace da sauran takardunka, don harafi ɗaya kan jawo wahalar shekara. Abin nema kiredit biyar ne har da Turanci da Lissafi, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Ni Lissafi ya kayar da ni a zaman farko, na koma na ci a na biyu.

In ka daɗe rabonka da littafi, nemi ajin yamma. A Kano akwai hukumar ilimin manya tun 1980. Na zauna benci ɗaya da yaran da na girma da shekara goma, satin farko kunya kamar in nutse, daga baya su suke koya min aljabara. Sayi littafin tsofaffin tambayoyi, ka ware awa ɗaya bayan Asuba kafin hayaniya ta tashi. Za a zo maka da tayin cibiyar da ake ba da amsa. Kada ka je. Kai da ka fito wanke ƙarya, me za ka yi da wata sabuwa? Mai aiki da iyali kuma ya duba Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya (NOUN), inda ake karatun digiri ba tare da barin sana'a ba.

Ranar da na karɓi albashina na uku a aikin direba na tafi kasuwar dabbobi na sayi tumaki biyu, na sa a Adaidaita na kai wa Yaya. Ta duba haƙoransu ɗaya bayan ɗaya, ta ce in ɗaure su a turken da na da suke.