Kula da dattijo mai ciwon ƙoda

Hawan jini da ciwon suga da ke lalata jijiyoyin ƙoda su ke taɓa na ƙwaƙwalwa, don haka in mantuwa da kasala suka shigo, kada a ce tsufa ne kawai.

Duk wata a sa shi ya tashi daga kujera sau 5, hannuwa a ƙirji. In ya haura daƙiƙa 15 kafin ya gama, alamar rauni ce; a auna yawan jininsa, domin raunin ƙoda kan rage jini. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a rana, har da dunƙule da kanwa. A guji magungunan rage ciwo diclofenac da ibuprofen. Mutum ɗaya ya riƙe magungunansa. In mai allurar insulin ya ruɗe farat ɗaya, a duba sugansa nan take, domin raunin ƙoda kan sa maganin ya daɗe a jikinsa har sugan ya yi ƙasa sosai.