Yadda Ake Hawan Dutsen Shere a Sauko a Yini Guda

Duk wanda ya zauna a Jos ya saba ganin jerin duwatsun da ke gabas da gari, amma kaɗan ne suka taɓa taka ƙololuwarsu. Duwatsun Shere ke nan, kimanin kilomita 10 daga tsakiyar birni. Mafi tsawonsu ya kai wajen mita 1,829 daga doron teku. Kada lambar ta razana ka. Ita kanta Jos a kan tudu take, wajen mita 1,200, don haka abin da ƙafarka za ta hau mita 600 ne da 'yan kai. Mai ƙoshin lafiya zai hau ya sauko kafin magariba, muddin ya riƙe lokaci.

Fara da zaɓen wata. A ganina babu kamar Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai yi kauri ba. Da damina dutsen yakan yi santsi, kuma saman dutse ba wurin tsayawa ba ne in hadari ya taso da tsawa. A Disamba da Janairu ana hawa, sai dai iskar hunturu na yanka kunne, hazo kuma ya rufe maka garin da ka sha wuya don ka hango.

Daga nan sai neman ɗan jagora, kuma wannan ba abin yi wa rowa ba ne. Shere ba dutse ɗaya ba ne, tarin duwatsu ne masu kama da juna, hanyoyin ƙafa na manoma da makiyaya sun sarƙe a tsakaninsu. Ta wajen Lamingo aka fi shiga. A yankin akwai cibiyar horaswa ta gwamnatin tarayya da aka fi sani da Man O' War, akwai kuma ƙauyukan Afizere, waɗanda muke kira Jarawa. Ka je tun ana gobe, ka gaida manya, ka tambayi halin tsaro a 'yan kwanakin, ku yi tsada da jagoran kafin a ɗaga ƙafa. Kada ku gaza mutum uku, kuma wani a gida ya san inda kuka nufa da lokacin da zai sa ran ganinku.

Kaya kaɗan ne. Kambas mai kama ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, ba sabo ba, ba silifa ba. Ruwa lita biyu zuwa uku ga kowa, da ƙari saboda alwalar azahar. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai. Rigar sanyi, hula, tocila, da waya cike da caji. Duka a jakar goyo, don hannuwanka biyu suna da aiki.

Ku kasance a gindin dutse da ƙarfe bakwai. Matasa kan fara da gudu, kafin a yi nisa sun zauna suna haki. Yi taku gajere, da saurin da za ka iya hira ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Kurɓi ruwa kafin ƙishi ya kama ka. Inda hanya ta koma rarrafe a kan falalen dutse, kada ka ɗaga ƙafa sai hannu biyu da ɗaya ƙafar sun kama. Kar ka cusa hannu a kogon da ba ka ga cikinsa ba, saboda maciji da kunama.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne ku yanke lokacin juyawa tun kuna ƙasa. A ce ƙarfe ɗaya na rana: an kai ƙololuwa ko ba a kai ba, a juyo. A nan gardama ke tashi, don kullum akwai mai cewa "saura kaɗan", alhali tudun da yake nunawa akwai wani a bayansa. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, kuma saukowa ta fi hawa haɗari, gwiwa ta gaji, tsakuwa na zamewa. Sauka a karkace, nauyinka a kan dunduniya, ku bar tazara don kada dutsen da wani ya ture ya sami na ƙasa da shi. Inda gangaren ya yi tsanani, zauna ka ja gindi, babu kunya a ciki. Ledar ruwa da ɓawon ƙwai kuwa, ku tattara ku sauko da su.