Yadda ake leƙa abin da ke faruwa kafin main ya fara aiki a Linux

Yawancinmu da muka fara koyon C an ce mana furogiram daga main yake farawa, to gaskiya ba haka ba ne, kafin a kai ga main akwai wani ɗan aiki da ake yi a ɓoye, shi ne yake haɗo maka argc (yawan kalmomin da aka kira furogiram da su) da argv (jerin kalmomin) da envp (jerin su PATH da HOME) ɗin nan da kake karɓa. Bari in nuna maka yadda za ka gani da idonka a kwamfuta mai x86-64.

Da farko rubuta ƙaramin furogiram, ko `return 0` kaɗai ya isa, sai ka haɗa shi da `gcc -g -static gwaji.c -o gwaji`. Ka sa -static ɗin nan don Allah, in ba haka ba ld-linux, mai loda laburaren da furogiram ke buƙata, shi ne zai fara tashi ya ruɗa ka. Yanzu buga `readelf -h gwaji` ka duba adireshin shiga, za ka ga ba na main ba ne, na _start ne, wanda gcc ya liƙa maka daga fayil ɗin crt1.o ba tare da ka roƙa ba.

Sai ka buɗe `gdb ./gwaji` (gdb shi ne kayan aikin bin furogiram daki-daki) ka rubuta `starti ayaba lemo`. Wannan zai tsayar da shi a umarni na farko cak, bai taɓa komai ba tukuna. Nan ne daɗin yake. Lokacin da aka kira execve, wato kiran da ke tada sabon furogiram, kanel (zuciyar Linux) ya riga ya jera kaya a kan sitak, wato sashen memori da rajistar rsp ke nunawa, buga `x/8gx $rsp` ka gani: na farko 3 ne, wato argc, sunan furogiram da ayaba da lemo. Bayansa adireshi uku kowanne bait 8, sai sifili wanda ke nuna argv ta ƙare, daga nan kuma envp ta kama. Gwada `x/s *(char**)($rsp+16)` zai fito maka da ayaba, in ka canza zuwa +40 za ka ga na farko cikin su PATH da HOME ɗin nan. Shi ya sa babu wanda ke miƙo envp daban, lissafi ne kawai, argv + argc + 1. Bayan sifilin envp akwai auxv, wani jerin ƙarin bayanai, a nan kanel yake faɗin girman shafin memori, 4096, da adireshin bait 16 na kan-mai-uwa-da-wabi da glibc, laburaren C, ke amfani da su wajen tsaron sitak. `LD_SHOW_AUXV=1 ls` zai zubo maka su duka.

Yanzu `disassemble _start` sai ka bi da `si` a hankali. Zai share rajistar ebp (rajista ƙaramar ma'ajiya ce a cikin CPU, haka su rsi da rdx da rdi), ya ciro argc ya sa a rsi, abin da ya rage a rsp ya zama argv a rdx, ya daidaita sitak kan bait 16, ya sa adireshin main a rdi sannan ya kira __libc_start_main. Shi wannan ne zai saita environ da getenv ke dubawa, ya gudanar da shirye-shiryen farko, ya kira main, abin da main ya dawo da shi kuma ya miƙa wa exit.

Wallahi wannan jerin ba abin wasa ba ne. A Janairun 2022 kamfanin Qualys ya fallasa wata kafar tsaro mai suna PwnKit a cikin pkexec, furogiram ɗin da ke ba da damar gudanar da umarni a matsayin root, wato mai cikakken iko, matsalar ita ce an ɗauka argc ba zai taɓa zama 0 ba, to da mutum ya kira shi da argv babu komai sai argv[1] ya faɗa kan envp[0], da haka mai amfani na gama-gari yake zama root. Ka gwada da kanka: rubuta wani furogiram da zai kira execve da argv wofi, shi kuma furogiram ɗin da aka kira ya nuna argc. A kanel 5.18 zuwa sama 1 za ka gani, don yanzu kanel ɗin da kansa yake cusa rubutu wofi a argv[0].