Leƙen Ƙarƙashin Ƙasa a Filin Haƙar Ma'adinai: Inda Ake Yawan Tafka Kuskure

Na'urorin da ake neman kogo, tsohon rami ko taruwar ruwa da su a filin haƙa ba hoto suke ɗauka irin na kyamara ba. Na'urar rada tana aika igiyar rediyo ƙasa ta jira dawowarta. Ta lantarki tana auna yadda ƙasa ke tare wuta. Akwai mai bin girgiza, akwai mai auna nauyin abin da ke ƙarƙashi. Kwamfuta ce ke haɗa lissafin ta zana launuka, kuma mantawa da haka ne tushen yawancin kurakuran.

Wanda aka fi yi shi ne kai rada ko'ina. A busasshen yashi ko dutse mai tauri takan leƙa mita 10 ko fiye, amma a jiƙaƙƙen yumɓu ko ƙasa mai gishiri da ƙyar take wuce mita ɗaya ko biyu, domin yumɓun yana shanye igiyar. Sai hoton ya fito fes, mai fili ya ce alhamdu lillahi, babu rami, alhali na'urar ba ta kai zurfin ramin ba. Kafin ka karɓi rahoto, tambayi mai aunawa: mita nawa ka gani a wannan ƙasar? Idan akwai ramin da aka riga aka sani a kusa, a fara gwada na'urar a kansa. In ta kasa nuna shi, a koma kan ta lantarki ko ta girgiza.

Ita ma ta lantarkin tana da nata rikicin. Kogon da iska ce kawai a ciki yana tare wuta sosai, amma haka ma dunƙulen dutse yake yi. Idan ruwa ya cika kogon sai ya riƙa wuce da wuta, ya yi kama da laka. Wanda taɓo ya rufta ya cike kuwa yana iya sajewa da ƙasar da ke kewaye da shi. Saboda haka rami ɗaya zai iya ba ka launi biyu, na rani daban, na damina daban. Duk mai aiki a tsofaffin filayen kuza na Jos da Bukuru da Barikin Ladi ya kamata ya riƙe wannan. Sannan zurfin da ake gani kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na tsawon layin turakun ƙarfen da aka kafa don tura wuta cikin ƙasa: layin mita 100 ba zai ba ka labarin abin da ke mita 40 ba. A tsawaita layi, a kuma matso da layukan kusa da juna, don ƙaramin rami kan ɓuya a tsakaninsu.

Shingen waya, bututun ƙarfe, layin wuta da janareta duk suna gurɓata awo. A rubuta inda suke, a kashe abin da zai kasu.

Sai dogara da tsohuwar taswira wajen zaɓar inda za a auna. A watan Yulin 2002, a mahaƙar kwal ta Quecreek da ke jihar Fensilbeniya a Amurka, ma'aikata sun fasa cikin wata tsohuwar mahaƙa da ruwa ya cika, domin taswirar da ke hannu ba ta nuna iyakar haƙar da aka yi a can ba. Mutum 9 suka maƙale sama da kwana uku kafin a ciro su da rai. A mahaƙar kwal ta Gretley da ke Ostareliya, a 1996, kuskuren taswira irin wannan ya ci ran mutum 4. Don haka awo ya zarce inda takarda ta ce ramin ya tsaya, a kuma tambayi tsofaffin leburorin da suka yi aiki a wurin.

A ganina mafi muni shi ne tsayawa a kan hoton don gudun kuɗin haƙa. Duk inda launi ya bambanta, a huda siririn rami irin na burtsatse, a ga abin da ke fitowa, in da hali a zura kyamara. A huda ɗaya ko biyu ma a inda hoton ya ce lafiya lau. Bayan an fasa dutse da nakiya, ko an janye ruwa da famfo, ko damina ta wuce, ƙasar ta canza, sai a sake aunawa a kan layukan farko a kwatanta.