Yadda Za Ka Rubuta Maƙala Kan Sabuwar Opera a Wikipedia

1. Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, tabbatar an riga an nuna operar (wato wasan kwaikwayo da ake rera shi da waƙa da kiɗa) a dandamali. Idan sanarwa kawai gidan wasa ya fitar, dakata tukuna, domin sau da yawa akan ɗage ranar buɗe wasa.

2. Nemo madogara masu zaman kansu, biyu ko uku, waɗanda suka tattauna aikin sosai. Nan ne yawancin sababbin maƙaloli ke tuntuɓe. Sharhin masana a jaridu irin su The Guardian, ko mujallar Opera ta Landan da ake bugawa tun 1950, ya isa hujja. Shafin intanet na gidan wasan opera kamar La Scala ko Metropolitan Opera zai ba ka ranar wasa da sunayen mawaƙa, amma ba zai tabbatar da cancantar maƙalar ba, tunda mai kaya ba ya kushe kayansa.

3. A sakin layi na farko, kawo sunan operar, wanda ya tsara kiɗan, wanda ya rubuta baitocin, harshen waƙar, da wuri da ranar nunin farko.

4. Taƙaita labarin da kalmominka. Kada ka kwafo daga ɗan littafin da ake raba wa 'yan kallo, akwai haƙƙin mallaka a kansa.

5. Jingina kowane yabo ko suka ga wanda ya faɗa, tare da madogararsa. In ka ga “gagarumin aiki” babu mai shi, goge. Idan masu sharhi sun saɓa, kawo ɓangarorin duka.

6. In kana aiki da gidan wasan, bayyana haka a shafin tattaunawa na maƙalar.