Kurakuran da aka fi yi wajen saita sifirin a motar tsere ta rimot

Kuskuren da na fi gani shi ne murɗa zoben da ke saman sifirin da niyyar ƙara masa tauri. Mota ta ƙi shan kwana, sai mutum ya kama zoben nan ya yi ta matsawa, a zatonsa shokozoba ta ƙara ƙarfi. Ai taurin sifirin yana cikin kaurin wayarsa da yawan zagayenta. Zoben kuwa tsayin mota daga ƙasa yake canzawa. Abin da mai murɗawar ya samu shi ne mota mai tsayi, wadda za ta ƙara kwantawa gefe a kwana. In tauri kake so, sauya sifirin ɗin. Tsayi kuma a auna shi da batir a ciki: danna motar ƙasa, sake ta ta zauna da kanta, sannan ka auna. Motar kwalta mai sikelin 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman mota ta gaske, ana ba ta wajen milimita 5, mai gudu a turɓaya da tsalle kuma wajen milimita 20.

Sai gyara ɓangaren da ba shi ke da laifi ba, kuma nan ne ya kamata a nutsu. Idan ka karya sitiyari amma gaban motar ya zarce waje, tayoyin gaba ne suka rasa riƙo. Sassauta sifirin na gaba, ko ka ɗan ƙara taurin na baya. Idan kuwa baya ne ke kufcewa har motar ta juyo tana kallonka, sassauta na baya. Dalili shi ne, a kwana nauyi yana komawa kan tayoyin waje, kuma ɓangaren da ya fi tauri shi ke ɗaukar mafi yawan wannan nauyi. Tayarsa ta waje ta sha kaya, ta ciki ta yi sakayau, riƙonsu gaba ɗaya ya ragu. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara yin canki-canka ba. Amma sassaucin ma yana da iyaka: in ya yi yawa, cikin motar zai riƙa gugar ƙasa, ta yi nawa wajen amsa sitiyari.

Wasu kuma su sauya sifirin su manta da man silikon da ke cikin shokozoba. Sifirin mai tauri a kan mai tsinkakke, sai mota ta riƙa tsalle kamar fara. Man da ya yi kauri sosai a ƙarƙashin sifirin mai laushi, sai ta danne ta kasa tasowa a kan lokaci. Bayan zuba mai, motsa fistin ɗin da ke kai-komo a cikin shokozobar a hankali har kumfar iska ta gama fita kafin ka rufe, ka kuma tabbatar shokozobar hagu da ta dama tsayinsu ɗaya.

Kada launi ya ruɗe ka. Jan sifirin na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da jan na wancan ba, lambar taurin za ka duba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne in ga an sauya sifirin da mai da taya a zama ɗaya. Ko motar ta gyaru, wanne za a yaba? Fara da tayar da ta dace da filin, domin sifirin ba ya ceton tayar da ta cinye. Daga nan sauya abu guda, yi zagaye biyar ko shida da agogo, rubuta lokacin a littafi, sannan ka taɓa na gaba.